Tulin Ƙarfen Kawu

Na Allah ne mu, kuma gare shi za a koma. Kawu ya riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi, aka yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Jiya aka yi sadakar arba'in. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma tun ranar farko ina zaure kusa da babban ɗansa, taubashina, muna karɓar gaisuwa.

Na san za a zo, amma ban zaci haka ba. Maƙeran Kankia da na Kusada sun rufe maƙerunsu kwana uku. Aka wayi gari babu amon masaba ko ɗaya a unguwar, har wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce shirun nan ya fi kuka tayar mata da hankali. Direbobi biyu da suka ji labari a tasha suka ajiye manyan motocinsu bakin titi da kaya a kai, suka tako da ƙafa. Wani Bafulatani daga Kaikai ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya durƙusa ya yi addu'a, sannan ya dube mu.

"Ni ko sunanshi ban sani ba," in ji shi. "Mai Ƙarfe muka sani. Tun da ya fara bin burtali shina tsince waya da gwangwani, saniyata ba ta sake haɗiye ƙusa ba."

A cikin gida kuwa, mai wainar bakin kasuwa ta shigo da tandarta a ka. Mata suka ce mata, "Baiwar Allah, gidan makoki da tanda?" Ta sauke ta tsakar gida ta ce, "Ku dube ta dai. Shi ya zuba mani ita shekarar da aka ba mu mulkin kai. Da ita na aurar da ɗiya huɗu, ko tsagewa ba ta yi ba." Ta zauna kusa da ita ta yi kukanta.

Akwai kuma wani magidanci mai furfura daga Fakuwa wanda ya ƙi shigowa zaure. Ya tsuguna bayan katanga, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Na tashi zan je in taso shi, taubashina ya riƙe mini riga ya ce, "Bar shi. Shi ya san abin da ya rasa."

Rana ta biyu wani dattijo, tsohon abokin aikin mahaifina a En'e, hukumar gargajiya ta da, ya gama addu'a ya shafa, ya ce, "Allah sarki, mai bola ya tafi." Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma maganar ta soke ni, domin ni na taɓa faɗin abin da ya fi wannan muni, kuma a gaban idon Kawun na faɗa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don kada a ce abin da ya rage na mutumin nan shi ne wannan laƙabi.

Duk wanda ya san Kawu ya san tafiyarsa. Kansa a sunkuye yake tafiya, baƙo ya ɗauka tsabar kunya ce, alhali ƙasa yake dubawa. Ƙusa, noti, guntun waya, murfin gwangwani, ba ya tsallake ko ɗaya. Matarsa, wadda muke kira Iya, ta gaji da ɗinke aljihun riga, ta sa aka yi masa jakar fata, ya rataya ta har ƙarshen ransa. An taɓa tafiya ɗaurin aure Kusada cikin mota, ya buga ƙofa ya ce direba ya tsaya. Kowa ya zaci lalura ce ta kama shi. Ya sauka ya koma baya da babbar rigarsa, ya dawo riƙe da wani guntun sarƙa yana murmushi kamar wanda ya tsinci zinariya. Ango ya ce, "Baba, za mu makara fa." Ya ce, "Amarya ba ta tsatsa, wannan kuwa damina ɗaya za ta cinye shi."

In aka kawo masa ƙarfe, ba ya tambayar daga wace mota ya fito. Sai ya ɗaga shi da yatsu biyu, ya ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, ya karkata kunnen dama, don na hagu masaba ta daɗe da kashe shi. Daga amon zai ce wannan na gatari ne, wannan na fartanya, wannan ko ƙyauren kaji bai isa ba. Yakan ce, "Ƙarfe bai mutuwa. Gajiya shike yi da aiki guda, sai a sake mashi wani."

Ba waliyyi ba ne, kada in yi masa ƙarya bayan ransa. Yana da taurin kai, yana da tsawa, kuma saboda kunnen nan ko hirar sirri zai yi sai an ji a gida na uku. 'Ya'yansa sun sha wuya a hannunsa. Abin da ya shiga gidansa kuma ba ya fita. Iya ta yi shekaru tana roƙon a ba ta wurin shanya a tsakar gidanta.

Gidansu gidan ƙira ne tun kakanni. Yakan ba mu labarin yadda ya tarar da mahaifinsa yana narka tama. Za a fita daji a yi kwanaki ana haƙar dutsen, a sare ƙirya a ƙona gawayi, a gina wani abu da laka kamar ƙaramin rumbu, a cika shi a hura. Bayan duk wannan wahala, abin da za a fitar bai wuce kan ɗan maraƙi ba. "Itace ashirin don fartanya goma," in ji shi. "Da mun ci gaba da haka, da yanzu ko inuwar ɗaure jaki babu tsakanin nan da Kusada."

Yana saurayi ya fara kora jakuna zuwa Kano yana sayo guntayen ƙarfen jirgin ƙasa da na motocin da suka mutu. Tsofaffin maƙera suka ce ƙarfen Nasara ba shi da albarka. Bai yi musu da su ba. Ya ƙera gatari biyu, ɗaya na tama ɗaya na ƙarfen mota, ya ba wani mai faskare ya ce ya yi wata guda da su. Da wata ya cika, mutumin ya dawo da na tama, ya ce ɗayan kuwa sai dai a faɗi kuɗinsa. Daga nan aka daina haƙar tama a gidansu.

Wajen lokacin samun mulkin kai ya koyo zubin tukwane daga wani mutumin Maraɗi da ya yi rani a gidansa. Akwai farin ƙarfe mara nauyi a cikin injin mota; shi ake narkawa a zuba cikin yashin da aka danne da siffar tukunya. Da haka tukwanen dalma suka shiga ɗakunan matan ƙauyukanmu, waɗanda a da sai ta ƙasa, mai fashewa ranar da aka fi bukatarta. Gwangwanin madara ya zama fitilar aci-balbal. Ganga ta zama kurfoti da kaskon suya da ƙyaure. Da aka canza kuɗi aka shigo da naira, mutane suka riƙa zubar da tsohon kwabo mai huda, shi kuwa ya tara su buhu guda, magina suka riƙa saye suna sawa ƙarƙashin kan ƙusar rufin kwano don kada ruwa ya bi.

Mutumin Fakuwa da na ambata, shi da kansa ya kira ni gefe ranar sadakar uku ya ba ni labarinsa, ya ce in rubuta amma in rufa masa suna. A shekarar babban fari, lokacin da gero ya ƙone a tsaye, ya kawo wa Kawu wani ƙarfe a naɗe cikin buhu da tsakar rana. Kawu ya warware ya gani. Ƙarfen da ake rataya igiyar guga ne a bakin rijiya, da ƙaramar ƙafa mai juyawa da igiya ke bi. Ya shafa wurin da igiya ta cinye, yana sheƙi, babu tsatsa ko ɗigo.

"Wanga ba gajiyayye ba ne," in ji Kawu. "Daga bakin aiki ka ɗauko shi. Rijiyar ina ce?"

Mutumin ya ce, "Ta garinmu. Kwana biyu ba a ɗora tukunya gidana ba."

Kawu ya miƙe. Ya leƙa cikin gida ya sa aka damo fura, ya ajiye masa, ya juya baya don ya sha a sake. Shi kuma ya hura wuta, ya cire sandar tsakiyar ƙafar wadda dama ta kusa tsinkewa, ya sa sabuwa. Suka ɗora wa jaki suka kama hanyar Fakuwa tare. Suka tarar da jama'a sun taru bakin rijiya ana ta rantse-rantse, mai gari na cewa in aka kama ɓarawon sai ya bar garin. Kawu ya sauke ƙarfen ya ce, "Wanga bawan Allah ya kawo mani shi, na ishe sandar ta kusa karyewa, na gyara. Ku gwada ku gani." Ko kalma ɗaya ta ƙarya babu a ciki. Aka ɗaura, aka ja guga ba ƙara, mata suka yi ta sa wa mutumin albarka yana tsaye kamar ƙasa ta tsage ya shige.

A hanyar komowa Kawu ya miƙa masa igiyar jakin. "Riƙe. Ka bi ƙauyuka, duk abin da aka yar ka kawo mani in saya. Wanda aka yar hwa na ce." Yau mutumin nan yana da nasa wurin tara ƙarfe, da mutane shida da ke ci a ƙarƙashinsa. Ya ce mini har Kawu ya koma ga Allah bai taɓa tayar masa da zancen rijiyar ba, ko da wasa.

Yanzu sai nawa laifin. Bayan farin nan kuɗin mai suka shigo ƙasa. Na gama makarantar koyon aikin gona, aka turo ni gida Kankia a matsayin malamin gona, da babur sabo da ofis mai fanka. Komai sabo ake kawowa a lokacin, rediyo, kekuna, kwanuka, har tsintsiya wani ya ce za a fara shigowa da ita daga waje. Tulin ƙarfen Kawu kuwa yana nan bakin babban titi, kusa da maƙerarsa, ya kusa tsawon ɗaki: ƙafafun mota, gangunan da suka huje, gadajen da suka karye, kan wata tsohuwar akori-kura.

Sai aka ce wani babban baƙo zai ratsa garin, a gyara bakin hanya. Aka kafa kwamiti, aka sa ni a ciki. Da aka zo kan zancen tulin, duba-gari ya dube ni yana dariya ya ce, "To, ga ɗan gidan sarkin bola nan, ko za a yi mana alfarma?" Aka yi dariya. Kunya ta rufe ni, na ce, "Ku bar mini. Ni zan gaya masa."

Na tarar da shi yana ƙira. Na gaishe shi a tsaye, abin da ban taɓa yi ba.

"Kawu, an ce a kwashe kayan nan daga bakin titi kafin sati biyu."

"Wa ya ce?"

"Kwamiti."

"Kwamiti shina da baki? Wa ya buɗe baki ya hwaɗa?"

Na ce, "Kawu, zamani ya canza. Yanzu komai sabo ake kawowa, wa zai tsaya gyaran tsohon ƙarfe? Wannan bola ce, kuma kunya take ba mu."

"Ku wa?"

"Mu danginka."

Ya ajiye masaba a hankali bisa uwar maƙera. Maƙeran da ke wurin duk suka sunkuyar da kai. Ya ce, "Gadon da aka haife ka bisa, cikin bolar ga na fidda shi na kai wa uwarka. To, Malam, an ji. A gaida kwamiti."

Bai kai ƙara wurin hakimi ba, alhali da ya je da an saurare shi. Da jakuna da amalanke ya kwashe tulin nan kaf cikin kwana goma sha biyu, ya kai gonarsa ta hanyar Kusada, ya jibge a kan wajen da ya fi ba shi gero. Ranar da baƙon ya zo, motarsa ta wuce da gilashi a rufe, ko sassautawa ba ta yi ba.

Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba. Da na je gaishe ta, ta ajiye mini tuwo ta ce, "Tukunyar da aka tuƙa shi daga bola ta fito. In kana jin kunya, ka bari." Na ci, amma ban ji ɗanɗanonsa ba. Kawu kuwa, in na gaishe shi sai ya ce, "Lahiya lau, Malam," ya ci gaba da abin da yake yi. Mutumin da tun ina cikin zani yake kirana ɗana. Muka yi shekara guda da wani abu a haka.

Tun farkon zuwana ofishinmu ya kawo garmar shanu daga waje, ni ne kuma na bi ƙauyuka da babur ina lallashin manoma su karɓa. Wasu sun sayar da awaki, wasu sun sayar da jakunansu suka haɗa suka sayi bijimai, duk bisa maganata. Damina biyu garmar ta yi aiki kamar me. Amma ƙasarmu jigawa ce, yashi yana cin ƙarfe kamar yadda dutsen niƙa ke cin tsaba. A damina ta uku bakin garmar, wato ƙarfen da ke tsaga ƙasa, ya cinye ya zama kamar cokali. Na rubuta takarda a aiko da sababbi. Aka ce suna hanya. Na sake rubutawa, aka ce suna cikin jirgin ruwa, jirgin kuma yana layi a bakin teku.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya kai lokacin huɗa. Wata safiya na zo ofis na tarar da garma fiye da talatin a jere a ƙofa, masu su na zaune a ƙasa, mutanen Kaikai da na Fakuwa da na wasu ƙauyukan. Ba su yi hayaniya ba. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Malam, kai ka ce mu aje hauya. Mun aje. Mun faɗaɗa gonaki yadda hannu bai iya gamawa. Ga ciyawa ta taso. Mi za mu yi?"

In aka wuce kwana goma ba a yi huɗa ba, daminar mutanen nan ta tafi, kuma da bakina na kashe ta. Na ɗauki garma ɗaya na ɗaure bayan babur, na kama hanyar Kusada.

Na same shi ƙarƙashin rumfar da ya kafa kusa da tulin. Wannan karon na durƙusa har ƙasa. Ya amsa gaisuwa, ya dubi garmar, ya dube ni.

"Mi ya kawo Malam bola?"

Na ce, "Kawu, na zo ne a taimake ni." Na faɗa masa komai.

Ya kwance bakin garmar, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa. Sannan ya nuna tulin da haɓa. "Tahi can baya, wajen kan akori-kura. Akwai sifirin ɗin manyan motoci. Jawo mani guda."

Na shiga cikin tsatsa da farin wandona na jawo. Wani dogon ƙarfe ne mai lanƙwasa, irin wanda ke ɗauke nauyin mota a kan ƙafafunta. Ya buga shi, ya yi wani amo mai tsawo kamar ƙararrawa. Ya ce, "Wanga ya ɗauki gyaɗa shekara goma tsakanin nan da Kano bai karye ba. Yashin Kaikai ba zai ba shi tsoro ba."

Kafin azahar ya aika an kira maƙeran Kankia da na Kusada. Aka kafa wuta huɗu, zuga-zugai suka kama numfashi. A yanka sifirin da zafinsa, a buɗa shi da masaba, a fitar da siffa, a huda wurin noti. Washegari aka gama huɗu na farko, aka tsoma su a ruwa, masu su suka ɗauka da murna. Kafin la'asar dattijon nan ya dawo da nasa a hannu, ya rabe biyu. Ya ci karo da saiwa, ya fashe kamar kasko. Can sai ga na biyu.

Wani maƙeri ya ce dama ƙarfen mota bai yin garma. Kawu ya karɓi gutsuren ya ƙura wa wurin karayar ido, ya shafa da babban yatsa. Sai ya yi dariya, dariyarsa ta farko a gabana cikin shekara guda.

"Laifina ne. Na shayar da shi ruwa kamar fartanya, ya yi tauri ya wuce kima. Shi kuwa ɗan mota ne, mai ya saba sha. A tahi tasha a cewa makanikai su ba mu baƙin man da suke zubarwa."

Ni na je da babur na ɗauko galan biyu. Aka gasa wani bakin garma har ya yi ja, aka tsoma a baƙin mai, wuta ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Da ya huce Kawu ya ɗan mayar da shi bisa garwashi har launinsa ya sauya, sannan ya ɗaga shi ya maka a kan uwar maƙera da dukan ƙarfinsa. Ya yi tsalle ya faɗi, bai ko tsage ba. Ya miƙa wa dattijon ya ce, "Koma wajen saiwar nan taka, ka gaishe ta."

Kwana tara ana wannan aiki. Na ajiye ofis na tare a rumfar, ina kai gyararru ƙauyuka ina ɗauko matattu. Rana ta uku na sami wuri na ce, "Kawu, maganar da na faɗa maka..." Bai bari na ƙarasa ba, ya miƙo mini awartaki da jan ƙarfe a baki ya ce, "Riƙe nan da kyau, ɗana, kada ka ƙona ni." Na riƙe. Hayaƙi ya ba ni dalilin share ido.

An yi huɗa a kan kari. Bakunan garmar da suka cinye ma bai bari an yar ba, ya sa aka mayar da su ƙananan fartanyu na mata. Waɗanda aka ce suna cikin jirgin ruwa sun iso bayan an gama girbi, kuma ba wanda ya zo tambayarsu. Da kaka mutanen Kaikai suka kawo masa damman gero a amalanke, fiye da abin da tulin ya hana shi nomawa.

Na taɓa tambayarsa ko yana ƙin sababbin kaya ne. Ya ce, "Ni? In ba a sayi sabo ba, ina zan samu tsoho? Abin da ban so shi ne a yar da abu ba a tambaye shi ko shina da sauran aiki ba."

Ya ga ƙarshen abin da ya fara. Motoci suka riƙa zuwa daga kudu suna sayen ƙarfen da ya fi ƙarfin maƙera, a kai manyan masana'antu a narke a yi rodin gini. Ya riƙa sayar musu, amma sifirin da farin ƙarfe ko nawa suka taya ba ya bayarwa. Ya ce wannan rabon maƙeran gida ne. Da taubashina ya sayo injin walda, Kawu ya yi wata guda yana harararsa yana cewa ɗinkin malalata ne. Daga baya aka kama shi ya sa baƙin gilashi yana gwadawa, ya ce dubawa kawai yake yi ko yaron ya iya.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti. Gadonsa na jikin taga. Ranar Litinin da yamma, ana gobe zai cika, na zauna kusa da shi ni da taubashina. Numfashi na yi masa wuya. Ya yafito mu da hannu, muka matsa, mun ɗauka wasiyya zai yi. Ya nuna taga. A bayan ɗakin an jibge karyayyun gadajen asibiti cikin ciyawa, ga kuma marasa lafiya biyu kwance a kan tabarma a baranda don babu wurin kwanciya.

"Kwana shida ina ƙirga su," in ji shi. "Sha biyu ne. Takwas za su tashi. Ku cire ƙafafun huɗun ku gyara sauran." Ya huta, ya ƙara da cewa, "Ku nemi izini tukuna. Ba a yar da su ba, aje su aka yi."

Bayan sadakar bakwai muka je wurin babban likita, ya ce mu ɗauka da hannu biyu. Taubashina da ƙannensa suka yi mako biyu a kansu, suka kankare tsatsa, suka yi walda, suka shafa farin fenti. Ranar da muka mayar, ma'aikatan suka fito suna ƙirgawa. Tara ne.

Na ce wa taubashina, "Ashe dai Kawu ma yakan yi kuskure. Takwas ya ce."

Ya girgiza kai. "Bai yi ba. Na taran nasa ne, na ɗakinsa. Iya ta ce a haɗa da shi, ba ta son ta gan shi a kwance babu aiki."

Ubangijin da ya saukar da ƙarfe don amfanin mutane, ga bawanka nan ya zo. Ka yafe masa tsawarsa da taurin kansa, ka karɓi aikin hannunsa, ka shimfiɗa masa inda zai huta. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa ta same mu a bakin aiki.